Yadda Farfesan Haske Ya Wanke Danginsa

A duk layinmu babu wanda ya san haske kamar Farfesa. Mu sauran jama'a shanya kawai muke yi a cikinsa, mu yi tsaki idan ya yi mana yawa. Shi kuwa Farfesa karanta shi yake yi. Zai fito ƙofar gida da safe, ya ƙanƙance ido ɗaya, ya dubi rana kamar ma'aikaciyar da ta makara, ya girgiza kai ya ce, "Yau ba ta yi ƙoƙari ba." Rana ta ji, ta ci gaba da aikinta cikin kunya.

Ba jami'a ce ta ba shi farfesancin ba. Jami'o'i akwai hassada. Shi da kansa ya zauna ya duba cancantarsa, ya ga ta kai, ya amince. Ranakun aiki yana wani ofis yana huda takardu yana zura su a fayil, amma wannan, in ji shi, gangar jikinsa ce kawai ke zuwa. Ruhinsa yana gida cikin kabad, tare da tsofaffin kyamarori uku masu cin fim: ɗaya ba ta buɗewa, ɗaya ba ta rufewa, ɗaya kuma tana aiki idan an lallashe ta.

Yana da wata riga marar hannu mai aljihu goma sha huɗu. Biyar na ɗauke da kaya: murfin gilashi, buroshi, ƙyallen goge gilashi, ƙyallen goge ƙyallen, da alewa. Sauran tara fanko ne. Idan ka tambaye shi sai ya yi maka murmushin tausayi, ya ce aljihun da babu komai ciki shi ke nuna mutum yana tsammanin manyan abubuwa.

Babban abokin gabarsa a duniya shi ne wayar hannu.

"Waya ba ta ɗaukar hoto," haka yake faɗa wa duk wanda tsautsayi ya haɗa su kujera ɗaya a mota. "Satar fuska take yi. Hoto na gaskiya sai an sa fim, an jira haske, an shiga duhu an wanke shi da hannu. Ku kuna latsawa ne. Mu muna halitta... astagfirullah, muna ƙirƙira."

Duk wannan ilimi a waya ya samo shi, daga bidiyon wasu mutane masu gemu da ke magana a hankali. Amma bai taɓa kallon bidiyo har ƙarshe ba. Haziƙi ba ya buƙata. Da zarar mai gemu ya gama gaisuwa ya ɗaga kayan aiki, Farfesa ya riga ya gane sauran, sai ya kashe.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa kiransa Farfesa ba, wato mahaifiyarsa. Inna tun yana yaro take kiransa Aku, saboda duk abin da ya ji a waje sai ya dawo gida ya maimaita da muryar mai shi. Ya yi gemu, ya yi furfura uku, ya haifi 'ya'ya, har yanzu Aku ne.

To, sai aikin faɗaɗa titi ya biyo ta tsohuwar unguwarsu. Aka zo aka shafa wa bangon gidan Inna jan fenti. A gidan nan ta haifi 'ya'yanta takwas, a nan mijinta ya rasu, kuma shi ya dasa bishiyar da ke bakin ƙofa. Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta kwashe kayanta ta koma wurin babbar 'yarta, wadda duk gidan ke kira Yaya Babba. Abu ɗaya ta roƙa: kafin katafila ta zo, a tara mata 'ya'yanta takwas a bakin ƙofar nan, ƙarƙashin bishiyar nan, a ɗauke su hoto ɗaya da za ta rataya a sabon ɗakinta.

Tara mutum takwas ba wasa ba ne. Ɗaya yana aikin jirgin ruwa, ɗaya tana aure a wata ƙasa, biyu ba sa magana da juna. Yaya Babba ta yi waya har kunnenta ya yi zafi. Aka taru ana gobe rusau.

Farfesa ya iso da rigarsa, da kyamarar da ake lallashi, da sanda mai ƙafa uku, da robar wanke-wanke. Robar ce ta fara aiki. Ya bi kowa ɗaya bayan ɗaya ya karɓe wayarsa, wayoyi goma sha ɗaya har da na surukai, ya rufe da faranti ya kai bayan mota ya kulle.

"Yau rana ce ta tarihi," in ji shi, ya ɗora hannu a ƙirji, wajen aljihu na bakwai. "Ba zan tsaya ina kallo a wulaƙanta gidan ubana da hoton latse-latse ba. Fim ɗin nan hoto talatin da shida yake ci. Kowane ɗaya amana ne. Ni zan ɗauke ku, ni zan wanke ku da hannuna."

Auta, ƙaramin ƙanensu, direban babbar mota mai 'ya'ya huɗu, ya ce, "Yaya, ko ɗaya dai a bari a ɗauka da waya, saboda tsaro."

"Tsaro na masu shakka ne."

Aka jera a bakin ƙofa. Aka zaunar da Inna a kujera a tsakiya. Farfesa ya leƙa kyamara, ya dubi sama, ya yamutsa fuska.

"Hasken bai nuna ba. Ɗanye ne. Ku tsaya yadda kuke, kada wanda ya motsa."

Kafin hasken ya nuna, sai idon ƙwararre ya fara ganin abubuwan da idon talaka ba ya gani. Ya ga inuwarsa a jikin bango, doguwa, mai kwarjini: ya ɗauke ta sau shida. Ya ga tsohon kwaɗon ƙofa mai tsatsa: huɗu. Tsagewar bango: biyar. Ƙadangare: uku, na ukun wutsiya kawai, don ƙadangaren ba shi da haƙurin 'yan'uwan Farfesa. Fasasshen bokiti: huɗu. Sannan ya shiga ɗakin Inna da aka kwashe, ya tarar da tsohon madubi da aka manta a bango, kuma a cikin madubin, Allah da ikonsa, ga wani mutum mai riga mai aljihu goma sha huɗu. Wannan ya ci tara.

Duk mai son lissafi ya haɗa. Talatin da ɗaya. Saura biyar.

Rana na gab da faɗuwa hasken ya nuna. Ƙafar Yaya Babba ta kumbura, biyun da ba sa magana sun gaji har sun fara magana, suna zagin mutum ɗaya. Farfesa ya saita kyamara a kan sandarta, ya murɗa ɗan agogonta mai sa ta ɗauka da kanta, ya ruga ya tsaya bayan Inna, ƙirji a gaba. Ƙyas. Haka har biyar. Fim ya ƙare.

"Tarihi ya shiga akwati," ya sanar.

Sai da duhu ya rufe bishiyar sannan ya buɗe bayan mota ya raba wayoyi. Washegari katafila ta zo. Kafin azahar gida ya zama tarin ƙasa, bishiya tana kwance saiwa a sama. Mai jirgin ruwa ya koma ruwansa, mai aure ta koma aurenta. Duk abin da ya rage na ƙofar nan da zaman nan yana cikin wani ɗan gwangwani da bai kai babban yatsa biyu ba, a aljihu na uku.

Yaya Babba ta ce akwai wani shago a cikin gari da har yanzu ake wanke fim, a kai can. Farfesa ya dube ta kamar ta ce a kai jaririnsa kasuwa a auna.

"Ni in miƙa fim ɗina ga ɗan kasuwa? Mutumin da ke wanke hoton fasfo?"

Ya riga ya yi odar kayan aiki. Bai taɓa wanke fim ba a rayuwarsa, amma wannan ƙaramar magana ce. Masu gemu suna ba da shawarar a fara gwadawa da lalataccen fim da rana tsaka, ido a buɗe, har hannu ya saba. Suna faɗar haka ne a tsakiyar bidiyo, inda Farfesa bai taɓa kaiwa ba.

Ranar Asabar da hantsi ya tara waɗanda suka rage a gari a falonsa: Inna, Yaya Babba, Auta da matarsa. Matar Farfesa ta kawo shayi fulas biyu da biskit. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya jera kaya kamar likitan fiɗa: baƙin tanki mai murfi, kwalabe uku na sinadari, ma'aunin zafi, almakashi, mabuɗin kwalba. A tsakiya ya ajiye wani farin abu na roba, faifai biyu a haɗe, cikinsu da zagayayyen layi kamar katantanwa.

"Wannan," ya ce, ya ɗaga shi sama, "ita ce na'urar naɗi mai hawa biyu."

"Ai kwarkwaro ne," in ji matarsa tana zuba shayi. "Irin na keken ɗinki. Ƙiba kawai ya yi."

"Ke, ana maganar kimiyya."

Aikin kwarkwaron ba shi da wuyar faɗa. Za ka fasa gwangwani, ka zaro fim, ka zura bakinsa ta wata 'yar ƙofa, ka riƙa murza faifan biyu gaba da baya, fim ya riƙa shiga da kansa har ya naɗe. Sai ka jefa a tanki ka rufe. Wahalar ɗaya ce: duk wannan a baƙin duhu ake yi, don ko ƙyallin ashana fim ya gani ya mutu. Sharaɗin kuma ɗaya ne: kwarkwaro ya zama a bushe ƙayau. Ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya sa fim ya manne ya ƙi tafiya. Wannan ma masu gemu suna faɗa. A ƙarshen bidiyo.

Farfesa kuwa da hankalinsa yake aiki. Aiki dai sunansa wanki. Wa ya taɓa yin wanki da ƙazamin kaya? Ya nufi kicin, jama'a na kallo, ya wanke kwarkwaron da sabulu da soso, ya ɗauraye shi sau uku, ya yarfe sau biyu, ya ɗauko shi yana ɗiga.

"Tsabta," ya ce. "Abin da 'yan kasuwa ba su sani ba ke nan."

Ɗakin duhun shi ne banɗaki, kuma banɗaki ɗaya ne a gidan. Ya toshe taga da barguna uku, ya liƙe gefen ƙofa da salatif, ya cusa tawul a ƙasa. Iska ta nemi hanya ta rasa. Ya shiga da rigarsa, don soja ba ya tuɓe kaki a bakin daga. Ya juyo ya yi jawabin bankwana.

"Ko gobara ta tashi kada wanda ya taɓa ƙofar nan. Kafin shayinku ya huce na fito."

Ya kulle. Ya kashe fitila.

Abu na farko da aka ji shi ne mabuɗin kwalba ya faɗa bokiti. Na biyu, goshi ya gaisa da famfo. Na uku wata kalma ce da ba a koyarwa a jami'a.

"Lafiya, Aku?" in ji Inna.

"Abin da kuke ji sautin aiki ne, Inna."

Gwangwani ya buɗe daga ƙarshe. Fim ya yi tsalle ya fito, ya fi tsawon hannu biyu, ya nannaɗe a wuyan hannunsa, ya sauka ya lashi gwiwarsa, ya dawo ya naɗe kansa. Farfesa ya kamo bakinsa. Ya nemi 'yar ƙofar kwarkwaro. Ɗazu a falo tana nan, kowa ya gan ta. Yanzu a duhu ta yi ƙaura. Ya shafa dama, ya shafa hagu, ya juya abin, ya sake juyawa, ya zura fim a wani wuri da ya yi kama da ƙofa, ashe tsakanin yatsunsa ne.

Gumi ya fara. Ya taso daga ƙeya, ya bi ta ƙarƙashin aljihu goma sha huɗu, ya sauko tafin hannu. Kwarkwaro jiƙaƙƙe, hannu jiƙaƙƙe, fim ya zama kamar an shafa masa zuma.

A falo shayi ya huce, aka sake dafa wani, shi ma ya huce. Fulas biyu a cikin mutum biyar ba sa zama wuri ɗaya. Auta ya miƙe ya je bakin ƙofa, ƙafafu a harɗe.

"Yaya, don girman Allah. Shayi ya sauka."

"Ka riƙe shi. Ana tsakiyar tarihi."

"Yaya, tarihi zai sauka a kan kafet ɗinka."

Matar Farfesa ta je ta roƙi maƙwabta. Aka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya, ana dawowa ana sunkuyar da kai. Maƙwabciya ta tambaya ko maigidan ba shi da lafiya ne, tana da maganin ciki mai kyau.

Can sai aka ji ihu daga ciki. "Ya kama!"

Ya kama kuwa. Farfesa ya fara murzawa. Fim yana shiga yana ƙara, yana tirjewa kamar akuyar da ake ja, amma yana shiga. Nan take murya ta dawo masa, ya ci gaba da karatu ta bayan ƙofa.

"Kun ji wannan ƙaras-ƙaras ɗin? Mutum sai ya shekara goma bai iya fitar da wannan sautin ba. Hannu ne. Wasu da shi ake haifarsu."

Sai fim ya tsaya.

Ya murza gaba. Shiru. Ya murza baya. Shiru. Ya tura da yatsa, fim ya lanƙwashe. Ya ja, ya ƙi fita. Ya lallashe shi, ya yi masa barazana, ya tuna masa ko shi wane ne. Ya shafa ya ji abin da ya rage a waje: taƙi ɗaya da ɗan ɗori, yana lilo.

Yaya Babba ta ji shirun ya yi yawa. Ta matso ta yi magana a hankali, irin ta babbar 'ya.

"Ƙanena, idan abin ya gagara, ka cusa shi duka a baƙin tankin nan ka rufe yadda yake. Sai a kai shago su ƙarasa. Ba abin kunya ba ne."

Da ta tsaya a "cusa shi a tanki" da yanzu hoton yana bango. Amma ta ce "gagara". A gaban mutane. A gaban matar Auta.

"Gagara?" Muryar ta fito daga duhu a sanyaye. "Ni?"

Sai ya tuna wani abu. A hoton da ke fuskar bidiyon, mai gemu yana riƙe da almakashi. Ashe ana yankewa! Gaskiya ne ana yankewa, amma can ƙarshen ƙarshe, inda fim ya manne da 'yar sandar cikin gwangwani, bayan ya gama shiga duka. Farfesa ya laluba, ya sami almakashi a aljihu na goma sha ɗaya. Ƙyat. Ya jefa kwarkwaro a tanki, ya murɗa murfi, ya kunna fitila.

Ya buɗe ƙofa ya fito kamar wanda aka tsamo daga rijiya. A hannun dama baƙin tanki. A hannun hagu guntun fim, ya ɗaga shi sama, hasken rana na taga yana dukansa ta ko'ina.

"Wannan ita ake kira wutsiya," ya yi bayani yana haki. "Ba ta da amfani. Wanda bai sani ba sai ya wuni yana fama da ita. Ƙwararre yanke ta yake yi. Ungo, Inna, ki ajiye don tunawa."

Inna ta karɓa, ta ɗaga ta wajen taga, ta juya. "Ban ga komai ba."

"Ba za ki gani ba. Ragowa ce."

Ta saka a jakarta.

A yi wa mutum adalci: sauran aikin ya yi shi ba kuskure. Ya auna zafin ruwa, ya zuba kwalba ta farko, ya riƙa juya tanki yana rungume da shi kamar mai rarrashin jariri, ya zubar, ya zuba ta biyu, ya zuba ta uku, ya ɗauraye. Ya zaro fim ya kai baranda, ya ture rigunan yara gefe, ya maƙale shi a igiyar shanya. Ga hotuna kuwa sun fito, ƙanana, baƙi ya zama fari, fari ya zama baƙi. Kowa ya taso. Har Auta ya ce, "Kai, Yaya!"

Farfesa ya tsaya gefe, hannu a baya, yana karɓar gaisuwa.

Yaya Babba ta sa tabarau ta fara bi daga sama. Inuwa shida. Kwaɗo huɗu. Tsagewar bango biyar. Ƙadangare biyu da wutsiya. Bokiti huɗu. Wani mutum a madubi, kyamara ta rufe masa fuska, sau tara. Ta kai talatin da ɗaya. Ƙarƙashinsa sai yankan almakashi, a karkace. A bakin yankan akwai ɗan abin da ya tsira daga hoto na talatin da biyu: ganye uku, da gwiwar hannun wani.

"Ina sauran?" in ji ta.

 Fim daga farko yake shiga kwarkwaro, abin da aka ɗauka a ƙarshe shi ke shiga a ƙarshe. Kuma kowa a barandar nan ya san waɗanda aka bari sai ƙarshe.

"Gwiwar nan kamar tawa ce," in ji Auta a hankali.

Farfesa ya gyara murya. Babban mutum ba ya rasa jawabi.

"Ku fahimci wani abu. A duniyar fasaha, abin da ba a nuna ba ya fi abin da aka nuna ƙarfi. Gida ya tafi. Mutanen gida sun watse. To mene ne ya fi dacewa da wannan saƙo in ba rashin..."

"Aku."



Inna ta buɗe jaka ta fito da guntun. Ta shimfiɗa shi a tafin hannunta, ta shafa shi da yatsa.

"Mu muna cikin nan?"

"A ƙa'idance, Inna, kuna ciki. Wato kun kasance a ciki."

"To a sa shi a ruwan maganin mana."

"Haske ya taɓa shi."

"Wane hasken? Wanda ka sani?"

Auta ya juya baya yana kallon titi, kafaɗunsa na rawa, ba a san ko dariya ba ce ko ɗaya abin. Yaya Babba ta cire tabarau ta goge ido.

Inna ta matsa kusa da igiya. Ta daɗe tana kallo. Ta wuce inuwa, ta wuce ƙadangare, ta tsaya a kan kwaɗo.

"Wannan a fitar mini da shi babba. Shi zan rataya."

Farfesa ya farfaɗo nan take, ƙirji ya dawo gaba. "Kun gani? Duk gidan nan Inna ce kawai ta fahimci fasaha! Dubi yadda tsatsar ta..."

"Ubanku ne ya sayo shi," in ji ta. "Shekarar da aka haife ka."

Ta mayar da guntun jaka, ta ja zif, ta miƙa wa Yaya Babba hannu a taimaka mata sauka matakala. A bakin ƙofa ta waiwayo ta dubi mutum tara da ke lilo a igiyar shanya, sannan ta dubi na goman.

"Ka ce za ka wanke mu, Aku. Wallahi ka cika alkawari. Ka wanke mu tas."